Tsawar da Ba Ta Cikin Littafi

Mai Kwano ya ci amana, kuma da gangan ya ci. Ba mantuwa ba ce, ba suɓucewar hannu ba ce, ko da yake daga baya ya so ya ce haka, bakinsa ya ƙi.

Aikinsa a gidan wasan kwaikwayo shi ne tsawa. A bayan labule akwai fallen kwanon rufi da aka rataye da igiya biyu. Idan wasa ya kai inda hadari ke tasowa, sai ya kama gindin kwanon ya girgiza, zauren gaba ɗaya ya ɗauki rugugi. Shekara ashirin da biyu yana wannan. An taɓa kawo na'ura mai sautin tsawa, ya saurara ya ce wannan tarin tsohuwa ne. 'Yan kallo kan zabura, sannan su yi wa kansu dariya, shi kuwa wannan zaburar ita ce abincin ransa.

Sai darakta, wadda a haife ya haife ta, ta shirya wasa na musamman ranar Asabar da hantsi, domin masu galahanga da sauran waɗanda ƙara da haske da ba-zata ke gigita su. Ba za a kashe fitilun zaure duka ba. Ƙofa a buɗe, mai son tashi ya zaga, ya zaga. An share ɗaki a gefe, an shimfiɗa katifu, don wanda hayaniya ta ishe shi. Babban abin shi ne ɗan littafi mai hotuna da aka aika wa iyalai tun saura mako guda, kowane shafi yana faɗin abin da zai faru. A shafi na tara an rubuta: "Hadari zai taso. Fitila za ta ɗan dushe. Ba za a yi tsawa ba."

"Baba, ran Asabar kai da kwanonka ku huta," in ji darakta.

"Hadari babu tsawa? Ai miya ce babu gishiri."

"Su haka suke iya sha. Mun rubuta, mun aika. Ka yi mini alkawari."

"Na ji."

"Ji daban, alkawari daban."

"To na yi. 'Yar nan, kin fi ƙuda naci."

Mai fitila, da ke kan tsani, ya ce, "Ka zo da carbi ka riƙe, dattijo, kada hannun ya yi maka ƙaiƙayi."

Ranar ta zo. Mai Kwano ya leƙa ta tsagar labule, abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. Wata tana kaɗa jiki gaba da baya, wani yana gunaguni, wani ya juya wa dandamali baya. A layi na biyu akwai wani magidanci mai kimanin shekara talatin, littafin a kan gwiwarsa, yana bin layi da yatsa, yana buɗe shafi daidai da tafiyar wasa. Wata mata na gefensa, yayarsa ce, ita ba wasan take kallo ba, shi take kallo.

Mai Kwano ya ce a ransa waɗannan ba ma kallo suke yi ba, 'yar ƙaramar tsawa ce za ta dawo da hankalinsu. Girman kai ke nan, rawanin tsiya. Mutum ya yi alkawari da bakinsa, sannan ya zauna yana yi wa kansa fatawar karya shi. Fitila ta dushe, ya kama kwanon. Ya yi niyyar kaɗan, amma hannun da ya shekara ashirin da biyu yana cika mudu bai san kaɗan ba.

Ba wanda ya yi dariya. Kuka ya tashi daga wuri uku. Magidancin nan ya toshe kunne ɗaya da kafaɗa, yana buga littafin a goshinsa, yana bugawa, har yayarsa ta sa tafinta a tsakani. Jarumin wasa ya tsaya da baki buɗe. Darakta ta fito ta ba da haƙuri cikin sanyin murya, amma kusan rabin zauren ya riga ya nufi ƙofa.

Da ta zagayo bayan labule ba ta ɗaga murya ba. "Suna ɗakin gefe. Je ka gani."

Ya tafi kamar wanda ƙwai ya fashe wa a ciki. Magidancin yana zaune a ƙasa, fuskarsa ga bango, littafin a buɗe, yana maimaitawa a hankali: "Ba za a yi tsawa ba. Ba za a yi tsawa ba." Goshinsa ya kumbura.

"Kai ne?" in ji yayar.

"Ni ne, baiwar Allah."

"Shekara shida rabonsa da shiga taro. Kwana bakwai muna karanta littafin nan, har ya haddace. Na ce masa duk abin da ke ciki haka zai faru. Malam, ban taɓa faɗa masa abu ya zama ba haka ba. Da wannan kaɗai nake kai shi asibiti, da shi yake yarda wanzami ya taɓa kansa. Ba ni da wata igiyar. Yanzu ka faɗa mini da me zan riƙe shi."

Mai Kwano ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya cire hula, bai san abin da zai yi da ita ba.

"Ɗana, ka yafe mini. Ni na yi tsawar. Kwano ne kawai, in ka so in nuna maka."

Magidancin bai waiwayo ba. "A wane shafi take?"

"Ba ta cikin littafin."

"To littafin ƙarya ne."

"A'a. Littafin gaskiya ne. Ni ne maƙaryacin."

"Ban san ka ba. Yaya ce ta karanta mini."

Yayar ta rufe ido. Mai Kwano ya so ƙasa ta tsage ya shige. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi, amma ko kallo bai ishe ta ba.

Can magidancin ya miƙe, ya ajiye littafin a kan katifa, ya daidaita shi da gefenta. Yayarsa ta ce, "Zo mu tafi gida, motar tana waje, ba kowa a hanya." Ya tsaya a bakin ƙofa ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya tabbatar da idonsa. Ta miƙa masa hannu, ya sa nasa a aljihu. Haka suka fita, shi a gaba, ita tana binsa da jakarsa.

Ran Litinin darakta ta tara ma'aikata, ta faɗi abin da ya faru a gaban Mai Kwano, ta tambaye shi ko akwai gyara a maganarta. Ya ce babu. Ta karɓi mabuɗin ƙofar baya daga hannunsa. Mai fitila, mai bakin barkwanci, ya sunkuyar da kai, kuma ba wanda ya roƙa wa Mai Kwano afuwa.

An kore shi yana da shekara sittin ba ɗaya, kuma babu gidan wasan da ya sake ɗaukarsa.