Jan Garin Maɗaci

Kalilu ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama ƙarfen tayarwa ya fara juyawa. Injin ya yi nishi, ya yi tari, sannan ya kama bugu, baƙin hayaƙi na fita ta salansa yana bi ta ramukan kwanon rumfar. Ya zare ƙarfen ya jingine, ya leƙa duron ruwan da ke sanyaya shi, ya tsaya yana sauraron bugun. Mahaifinsu ne ya sayo injin nan tun zamanin da gyaɗa ke da daraja, ya kafa shi a gefen gonarsu da ke kan hanyar Zango, ya haɗa masa zarto da doguwar bel. Koren fentinsa ya daɗe da komawa baƙi. Kalilu ke tayar da shi yana yanka, yayansa Sha'aban kuma shi ke magana da masu kawo itace da masu sayen katako.

Gungumen maɗaci ne a kan teburi, na wani kafinta daga cikin gari. Da zarton ya shige shi sai jan gari ya riƙa zuba ƙasa, mai laushi, mai ɗaci a maƙogwaro. Ba a yi nisa ba a-kori-kurar Suhaibu ta tsaya a bakin shinge. Suhaibu mai injin niƙa ne a bayan kasuwar Daura, mutum mai tsabtar tufafi da yawan murmushi. Tun bayan damina ya fara zuwa kwasar gari, wai na shimfiɗar kaji ne.

Da can garin katako kyauta ne. Matan ƙauye kan zo da kwanduna su ɗiba don murhu. Yanzu Sha'aban ya hana, ya kuma raba tsibi biyu: farin gari na dogon yaro da itacen turare a can baya, jan gari na maɗaci da ƙirya a nan cikin rumfa. Jan kawai Suhaibu ke ɗauka.

Kalilu ya dubi Suhaibu da yaransa suna cika tsofaffin buhunan taki da shebur. A nan ƙasan awakin gona ke kwana. Nan gas ke ɗiga daga tankin injin, nan Sha'aban ke tofar da tukar goro da kakin safiya. Shekaranjiya ma Kalilu ya tono mushen ɓera a cikin tsibin, ya kumbura, tsutsa na fita ta bakinsa.

"Kajin naka masu zaɓen kala ne?" Kalilu ya ɗaga murya saboda ƙarar injin.

Suhaibu ya yi dariya. "Ja ya fi shan ruwa, Malam Kalilu."

"Ka ji da yankanka," in ji Sha'aban, bai ko ɗago ba.

Motar ba ta daɗe da tafiya ba bel ta tsinke a wurin tsohon ɗinkinta, ta daki kwanon rumfar kamar bulala. Kalilu ya kashe injin, ya duba cikin akwatin kayan aiki bai sami haƙoran ɗinke ta ba. Ya hau babur ɗinsa ya nufi cikin gari.

Mai sayar da kayan injuna yana lungun masu niƙa ne. Kalilu ya sayi abin da ya kawo shi, ya juyo zai fita, sai atishawa ta kama shi. Ƙamshin barkono da citta ya cika lungun, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari da ya sani kamar warin jikinsa. Ya tsaya. A ƙofar wani shago da aka tura rabi ya hangi buhunan taki a jingine, ɗaya da facin da shi da kansa ya ɗinke da zaren roba.

Ya tura ƙofar.

Suhaibu na tsaye ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana tankaɗe jan garin a cikin babban baho. A gefe wani baho ne na niƙaƙƙen barkono da ƙuli-ƙuli. Yana ɗibar kwano daga wannan, ya ɗibi kwano daga wancan, ya zuba a bakin injin niƙa, ya barbaɗa wata jar hoda daga gwangwani. Abin da ke fitowa ta ƙasa ja ne jawur, gwanin sha'awa. Wata mata na zaune a kan tabarma tana ƙulla shi a ƙananan ledoji. A cikin rariyar da ya ajiye, Kalilu ya ga abin da ya ƙi wucewa: kashin awaki, tukar goro da ta bushe, wani dunƙule baƙi da gas ya haɗe.

Ya matsa ciki ya tsaya a gaban bahon.

Suhaibu ya kashe injin ya sauke ƙyallen. Murmushin nan bai bar fuskarsa ba.

"Malam Kalilu, sannu da zuwa. Ai da ka yi sallama."

"Wannan ne kajin?"

"To, ka dai gani. Barkono ya yi tsada, mutane kuma ba sa son a rage musu ƙulli. Itace ne fa, ba guba ba. Maɗaci ma ai magani ne, tsofaffi na jiƙa ɓawonsa su sha."

"Daga ƙasa kake kwasa. Inda awaki ke fitsari."

"Ina tankaɗewa." Ya nuna rariyar kamar mai nuna shaidar kirki. "Ka ga, duk ƙazantar tana nan."

"Fitsarin ma yana nan?"

Matar ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ƙulli. Suhaibu ya goge hannu a ƙyallen, ya matso ya rage murya.

"Kada ka ɗaga mini murya a kasuwa. Yayanka ya sani. Shi ya ce mini ja ya fi dacewa, farin yana nunawa. Ka je ku yi maganarku a gida."

Kalilu ya fita. A bakin kwata ya durƙusa, kokon safe ya dawo gaba ɗaya. Wani mai shayi ya miƙo masa ruwa a buta yana yi masa sannu, ya kuskure baki, ɗacin bai tafi ba. Duk inda ya waiga sai ya ga jajayen ledojin nan: a teburin mai tsire, a faifan mai dafaffen ƙwai, a rataye a shagon kayan miya.

Bai koma gona ba. Gida ya nufa, domin 'yarsa Asma'u tana can, ta zo wankan jegon fari. Ya tarar da ita a ɗakin mahaifiyarta Rauda, jaririn na barci a cinyarta, kwanon farfesun kan rago a gabanta, samansa ja da yaji.

"Baba, sannu da zuwa. Yau da wuri haka?"

Ya janye kwanon.

"Baban Asma'u, lafiya?" Rauda ta taso daga bakin murhu.

"Ina kika samo yajin nan?"

"A kasuwa mana. Ka san kafaɗata ba ta barina daka. Na jego ne, mudu guda na saya, na ƙara masa kimba da masoro."

"Kawo shi."

Ta kawo robar. Ya ɗebo ya murza a tsakanin yatsu, ya shinshina. Ya ɗauki kofin ruwa ya zuba cokali guda, ya motsa, ya ajiye a gabansu. Jar kalar ta narke ta rine ruwan. Can sai ƙananan tsinkayoyi suka taso sama suka jeru a bakin kofin, wani siririn maiƙo mai walƙiya na yawo a tsakaninsu.

"Mene ne wannan?" Rauda ta tambaya.

"Garin katako ne. Na rumfarmu."

Asma'u ta toshe baki da hannu. Ita ma ta san rumfar, a can ta yi wasan ƙasa tana yarinya, ta san me ke kwana a ciki. Ta miƙa wa uwarta jaririn ta fita da gudu zuwa makewayi.

"Tun ran suna take ce mini yana da ɗaci, cikinta na murɗawa," Rauda ta ce. "Ni kuma na ce ta daure, yajin jego ai dama sai da ɗaci. Da hannuna nake zuba mata, safe da yamma. Kuma tana shayarwa."

"Ki sa mayafi ki kai ta asibiti, ki gaya musu abin da ta ci. Kada ki ɓoye." Ya ɗauki robar ya juye a cikin murhu. Hayaƙin ya tashi ya sa su tari, jaririn ya farka yana kuka.

Bayan la'asar ya isa gona. Gungumen maɗacin na nan rabin yanka, bel a yashe a ƙasa. Sha'aban na zaune a gindin tsamiya, kwanon ɗanwake a gabansa, ya saya a hannun matan da ke wucewa zuwa Zango.

"Ka daɗe. Kafintan ya zo ya koma."

"Na shiga shagon Suhaibu."

Sha'aban ya tauna lomar da ke bakinsa a hankali ya haɗiye.

"To?"

"Yaya, mutane ne ke ci."

"Kai injin kawai ka sani. Ka tayar, ka yanka, ka goge shi kamar amarya. Ka san me yake sha? Masu injin lantarki a cikin gari sun kwashe mana kafintoci, itacen ma sai an yi kamar a yi kuka kafin a samu. Wannan tsohon ba ya shan ruwan duro, gas yake sha. Garin nan da kake raina shi ke zuba masa. Ko so kake a sayar wa 'yan gwangwan da injin Baba su farfasa?"

"Asma'u ta ci. Tun ran suna take ci. Tana asibiti yanzu."

Sha'aban ya ɗago da sauri. Fuskarsa ta sauya da gaske, shi ne ya yi wa Asma'u huɗuba ranar da aka haife ta.

"Subhanallahi. Rauda a kasuwa take saye? Ai ban sani ba. Me ya sa ba za ta daka ba?"

Sai a lokacin idon Kalilu ya sauka a kan kwanon. Ƙullin yajin da mai ɗanwake ta bayar na gefe a kan tabarma, ba a kwance shi ba. Kusa da shi akwai ƙaramin gwangwanin madara mai murfi, cike da yaji mai duhu, mai ɓarzo, irin na turmi.

"Wannan fa?"

Sha'aban ya kalli gwangwanin, ya kalli gefe.

"Kubura ce ke daka mini a gida. Na hana iyalina saye."

"Tun yaushe?"

Sha'aban ya mayar da murfin gwangwanin.

Kalilu ya shiga rumfar. A bayan injin akwai jarkar da yake tara tsohon baƙin mai in ya yi juye. Ya ɗauko ta, ya buɗe, ya bi jan tsibin yana kwarara masa tun daga sama har ƙasa, ya ɗauki shebur ya cakuɗa har ya koma baƙin kwaɓi. Sannan ya zauna ya haɗa bakin bel ɗin biyu, ya buga haƙoran da guduma, ya mayar da ita kan gargarenta.

Sha'aban ya taso ya tsaya a bakin rumfar, gwangwanin a hannunsa.

"Gobe da safe Suhaibu zai turo mota."

"Ya turo."

"Ungo, ka kai wa Asma'u wannan. Mai kyau ne."

Kalilu ya dubi hannun da ke miƙo masa, jan goro a gefen farce. Ya juya ya kama ƙarfen tayarwa. Injin ya yi tari ya kama. Bakin Sha'aban na ta motsi a cikin hayaƙin, amma Kalilu ya riga ya sa kafaɗa a jikin gungumen yana tura shi bakin zarto.