Randa Ba Ta Taɓa Harbi Ba

Shekara goma sha ɗaya Malam Lurwanu ya yi yana jin tarihin rayuwarsa daga bakin wani, kuma kowace shekara sai tarihin ya ƙara ƙiba.

Mai ba da shi Alhaji Ghali ne, mu'aƙƙib na wani kamfanin gine-gine a Riyadh, wato mai zirga-zirgar ofisoshi da takardun ma'aikata baƙi. Lurwanu kuwa direban tankar mai ne a kamfanin, yana kai fetur da dizil wurin aikinsu da ke Dir'iyya. Dukansu mutanen Funtuwa ne. A ƙuruciyarsa Lurwanu ya yi sojan ruwa, ya kuma shafe wata goma sha huɗu na yaƙin Laberiya cikin wani jirgin dakon mai da ma'aikatansa suke kira Randa, saboda faɗin ciki da nauyin tafiya. Ghali ma ya san Randa, kada a zalunce shi. Yana da tebur a ƙofar tashar jiragen ruwa a Legas, inda yake sayar wa sojoji burodi da sigari. A bayan wannan tebur ya yi nasa yaƙin.

Da suka sake haɗuwa a Riyadh, Lurwanu ya yi kuskuren ba shi labarin jirgin dalla-dalla. Ghali ya karɓa, ya wanke, ya goge, ya saka kamar rigar aro. A wata walimar suna shi ne mai kula da famfon mai. Kafin Babbar Sallah ta zagayo ya zama mataimakin kyaftin. Lurwanu bai taɓa tanka masa ba, domin ƙaryar ba ta rage masa tuwo, kuma iƙamarsa, takardar izinin zama, ta hannun Ghali take bi kowace shekara kafin a sabunta ta.

Ana nan sai kamfanin ya gina ma'ajin mai a wurin aikin, manyan tankuna shida a jere, daura da rumfar da leburori fiye da ɗari ke cin abincin rana. Aka shiga neman wanda zai shugabance shi. Ghali ya hango ofis mai sanyi da kujera mai juyawa, nan take ya tuna ashe shi tsohon sojan ruwa ne.

Ranar wata Alhamis da la'asar ya ɗauko Lurwanu daga wurin sauke mai, ko kaya bai bar shi ya sauya ba, suka nufi gidan Abu Usaid, mai kamfanin, a unguwar Nasiriya.

"Baba Kofur, abin ba wuya," in ji Ghali yana tuƙi, don haka yake kiran Lurwanu. "In ya tambaye ka ko muna tare a jirgin, ka ce e. Shi ke nan, ka sha gahawarka."

"Alhaji, mai ba takarda ba ne. Takarda in ka yi kuskure sai ka yage ka sake wata."

"Kai dai ka cika tsoro. Mai ba ruwa ba ne da ya yi wari? Af, na duba, iƙamarka saura kwana arba'in. Shekaru sun ja, ka san yanzu ana duba wannan. Amma kada ka damu, ai ina nan."

Lurwanu ya mayar da idonsa kan titi. Ya fahimci abin da aka ɗora masa a ma'auni: zamansa a ƙasar a gefe guda, rumfar leburori a ɗaya gefen.

A majalisin Abu Usaid aka kawo gahawa da dabino. Ghali ya gyara zama ya kwance bakin buhu, cikin Larabcinsa mai santsi na ofisoshi. Ya faɗi yadda 'yan tawaye suka yi musu ruwan wuta a bakin tashar Monrobiya, shi kuwa ya haye babbar bindigar da ke goshin jirgin ya yi ta harbi har bakinta ya yi ja. Ya faɗi yadda gobara ta tashi a saman jirgin ya kashe ta da bargo. Da ya ga mai gida yana gyaɗa kai, sai ya ƙara da cewa bayan nasara sun gasa rago a kan jirgin, shi da kansa ya hura garwashin.

Lurwanu ya ƙura wa kofinsa ido. Bai taɓa sanin Randa ta yi irin wannan jarumta ba, ga shi kuwa a cikinta yake kwana.

Abu Usaid bai tambaye shi kome ba, da alama labarin ya gamsar da shi. Ya yi ishara aka shigo da kaskon turaren wuta, wanda a al'adarsu shi ke nuna zama ya zo ƙarshe. Lurwanu ya yi hamdala a zuci, ya tsira ba tare da ya ce e ko a'a ba. Ghali ya rungumi kaskon ya cusa ƙarƙashin babbar rigarsa yana lumshe ido. Da aka miƙo wa Lurwanu, kafin ya yi tunani ƙafafunsa sun riga sun kai shi bakin ƙofa.

"Ya Hajji, ƙamshin ne ba ka so?" Abu Usaid ya tambaya.

"A'a, ranka ya daɗe. Daga wurin sauke fetur nake, kayan jikina sun sha tururinsa. A Randa aka koya mana haka."

"Jirgin da kuka gasa rago a kansa ne ya koya maka gudun garwashi uku?" Abu Usaid ya dubi Ghali, ya dawo kan Lurwanu. "To, faɗa mini. Tare kuka yi aiki da shi?"

Ghali ya ɗaga yatsu huɗu a kan gwiwarsa, yadda Lurwanu kaɗai zai gani, yana tuna masa kwana arba'in ɗin iƙamarsa.

"Zan faɗi abin da na sani na Randa," in ji Lurwanu. "Ba ta taɓa harbi ba. Sau tara muka ɗauki mai daga Legas zuwa bakin daga, muna rarrafe a teku, sojojin jiragen yaƙi suna kiranmu 'yan bumburutu. A matakalar shiga akwai gwangwani, kowa zai jefa ashanarsa a ciki, har kyaftin. Takalmi mai ƙusa ba ya hawa. Ranar juyen mai ba a kunna murhu, garin kwaki muke sha da ruwan sanyi. Akwai ranar da harsasai ke faɗawa cikin ruwa kusa da mu, man jirage uku ya ƙare suna jira, muka yi awa tara muna ba su mai, babu mai ɗaga murya. Suka tafi suka yi yaƙi aka ba su lambobin yabo. Mu tarihinmu shi ne babu abin da ya faru, kuma wannan shi ne aikin. Da wuta ta taɓa tashi a Randa, da babu wanda zai zauna nan yana ba da labari."

"Shi fa?" Abu Usaid ya nuna Ghali.

"Alhaji mutumin kirki ne. Burodinsa ba ya kwana. Sigarin da yake sayar mana kuwa a ƙofa muke barinsa."

Abu Usaid ya yi dariya har da tari. Ghali ya taya shi, ya ce tsufa ne, Baba Kofur ya fara ruɗewa. A waje ya shiga motarsa ya ja, ya bar Lurwanu yana neman tasi.

Shugabancin ma'ajin aka ba wani injiniya ɗan Nijar mai suna Yacouba, mai takardun shaida da ƙarancin magana. Ghali ya ci gaba da riƙe takardu, domin mai gida ya ce baki irin wannan asara ne a raba shi da layin ofisoshi. Cikin takardun da ya riƙe har da wadda ta ce idon direba Lurwanu ya raunana. Abu Usaid ya sa hannu a kanta tare da wasu talatin, bai karanta ko ɗaya ba. Maimakon sabuwar iƙama, bizar fita ta dindindin ta fito.

A ranarsa ta ƙarshe Lurwanu ya sami gwangwanin madara, ya wanke, ya ɗaure shi da waya a ƙofar ma'ajin. Yacouba ya tambaye shi amfaninsa, ya yi masa bayani. Injiniyan ya laluba aljihu ya jefa tasa ashanar.

A Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, jami'in bincike ya tura jakarsa cikin na'ura, ya tambaye shi ko yana ɗauke da ashana ko wani abin kunna wuta.

"Ɗana," in ji Lurwanu, "rabona da ita tun ba a haife ka ba."

Ya ɗauki jakarsa ya bi layin Kano.