Akuyar Kulu a Hannun Maliki

Maliki ya mayar wa maƙwabcinsa Garba fartanyarsa, ya nemi gafara, ya wuce gida na gaba. Tun hantsi yake wannan zagaye. Matarsa Ramatu ta rasu a tsakiyar tsinkar auduga, tun daga nan ciyawa ta cinye hawasharsa, gonar da hukuma ta ba shi, ko leƙawa bai yi ba.

A ƙauyen, mai tafiya Makka ne ke bin gida-gida neman gafara. Tsohuwa Kulu mai toya kisra, wainar dawa, kuwa idonta ba ya barci. Ta ga mutum ba jaka ba guzuri, sai satar kallon babbar tur'a, magudanar ruwan gonaki mai zurfi, yake yi. Nan ta gane faɗawa ruwan yake nufin yi.

"Makka za ka, ɗan nan?"

Ya sunkuyar da kai.

"To halas, shi ke nan. Riƙe mani amana, garin Hasahisa za ni dubiya." Ta ɗaura masa igiyar akuyarta a hannu kafin ya buɗe baki.

Wa ya isa ya yar da amana? Akuyar nan kuma ko shaiɗan yana ba ta hanya. Ta ja shi cikin dawar Garba, ta ture tulun matar liman, ta cinye gefen tabarmar masallaci. Kafin la'asar rabin gari na biye da shi, ana zagin akuya ana dariya.

A zauren liman, Malam Abdussalami, aka tsaya da ƙara. Wa Maliki zai gani a gefe? Kulu, tana kurɓar shayi.

"Inna, ashe ba ki tafi ba?"

"Kai ma ba ka tafi ba," in ji ta. "Mun san inda ka nufa, Maliki. Faɗa muna abin da ke cin ka."

Dariya ta ɗauke. Maliki ya zauna, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, ya yi ta magana, ba wanda ya katse shi. Garba ya ce daga yau ɗaki ɗaya za su kwana. Malam ya ce gobe zai raka shi wurin likita, Asabar kuma gayya a hawasharsa.

Maliki ya share ido, ya miƙa wa Kulu igiya.

Ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi. "Ciki gare ta. Sai ta haihu, ta yaye, sannan mu yi magana."