Furen da Ya Fito a Gurbin Amya

Tun da ƙudan zuma suka kwantar da shi a asibiti, Mai Zuma bai sake taka gonar ba sai ran nan. Babu abin da zai je gani. Yana kan gadon jinya aka ce masa Auta, ƙanensa, ya kwashe amyoyin zumar kaf ya sayar. Da aka sallame shi, da hannunsa ya watso wa Auta kaya waje. Auta bai musa zargin ba. Ya tsince su ya tafi.

Yana zagayo bayan dutse ya ja ya tsaya.

Fure ne ruwan ɗorawa, jere reras, kowane gungu daidai gurbin da amya take. Ya san tsiron nan. Mai ƙananan ganye ne, kaifi kamar allura. Irinsa sai ya shekara da shekaru a busasshiyar ƙasa bai motsa ba, ba ya tsirowa sai wuta ta bi ta kansa.

Ya durƙusa ya tona da yatsa. Gawayi. Ƙusa ta yi baƙi ƙirin. Daskararriyar kakin zuma.

Da ya koma gida, ya tarar da Mama a kicin tana goge murhu. Ya ajiye mata reshen furen da ya tsinko a kan tebur, ƙusar a gefe.

"Mama, ɓarawo yana ƙona abin da ya sata?"

Ba ta juyo ba. "Cire min takalman nan, yanzu na share."

"Mama."

Ta matse tsumman har ya daina ɗiga.

"Likita ya ce harbi ɗaya ya rage maka. Ɗaya tak. Kai kuwa na san taurin kanka, irin na ubanka. Da ƙarin ruwa a hannu ma sai ka koma musu."

"Ke ce?"

"Ni ce. Kananzir ɗin ma na murhun nan ne."

Ya dafa bango.

"Kika bar ni na kori Auta? Kina tsaye a ƙofar nan!"

"Na buɗe baki. Shi ya girgiza min kai." Sai yanzu ta dube shi, idanunta jawur. "Cewa ya yi, Yaya zai iya rayuwa ba ƙane, amma ba zai iya zama gida ɗaya da uwar da ya tsana ba."

Mai Zuma ya laluba aljihu, ya ciro waya. Ya bi sunaye sama da ƙasa. Shi da kansa ya goge lambar Auta tun ranar.

"Ba ni lambarsa," ya ce.

"Ya canja layi," in ji Mama. "Ni ma bai ba ni ba."