Awon da ke Kan Inna

Inna ba ta taɓa rubuta awon kowa ba. Shekara talatin da ɗaya tana ɗinki, kafaɗar kowa da ƙugunsa suna cikin kanta. Da mantuwa ta fara kama ta, sai na zauna da ita wata takwas, ina tambaya tana faɗa, ina bugawa a kwamfutar shago, har muka tara mutum ɗari bakwai da 'yan kai. Ba lambobi kaɗai ba, har da irin su "hannun damansa ya fi tsawo" da "tana rage wa kanta inci biyu, kada a biye mata".

Sai Yaya ta buɗe mana reshe a bakin titi, ta sayo sabuwar kwamfuta. Mai gyaran kwamfuta ya zo da safe ya haɗa su biyun ta intanet, ya sa manhajar awo a sabuwar. Ya ce in rufe manhajar tukuna, don ba a kwafar fayil yana buɗe, sannan in danna maɓallin daidaitawa, abin da ke nan zai koma can. Yana faɗa yana duba agogo, wai matarsa na asibiti. Na ce na gane. Ban gane komai ba.

Na rufe, na danna. Sai kwamfutar ta tsaya tana mini tambaya: ga fayil biyu masu suna ɗaya, na jiya da na yau, wanne za a bari? To ni ina na san akwai biyu? Na kira mai gyara sau huɗu, bai ɗauka ba. Na kira Yaya.

"Biyu kuma? Haihuwa ya yi?" in ji ta.

"Yaya, ba wasa nake ba. Ɗaya na jiya da yamma, ɗaya na yau da safe."

"Wa ya taɓa shi yau?"

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan."

Ina jin keken ɗinkinta yana gudu, ga alama hankalinta na kan wuyan riga. Ta ce, "Ke, kada ki ba mu kunya, 'yar tela ce ke. Mace ta zo da awo biyu, tsoho da sabo, da wanne kike yanka?"

"Da sabo."

"To me kike jira?"

Maganar ta zauna mini daram. Na zaɓi na yau. Da ma mai gyara ya ce aikin zai ɗan ɗauki lokaci, amma kafin in ajiye waya har an gama, na ma ji daɗi. Na buɗe manhajar, allo fari fat. Na rufe na sake buɗewa, na kashe na kunna, har hura bayan kwamfutar na yi.

Da rana mai gyara ya iso. Ya ce na yau ɗin fanko ne, shi ne wanda sabuwar kwamfutar ta ƙirƙira da safe, kuma ya hau kan namu ya shafe shi. Na miƙa masa filashi, 'yar na'urar ajiya da nake kwafe awon a ciki duk mako. Ya duba, ya ce hoton manhajar da ke kan allo nake ta kwafa, ba awon ba. Ya yi ta fama har gumi ya jiƙa masa riga, bai samo ko mutum ɗaya ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Na ɗauki littafi da biro na shiga ɗakin baya. Inna na zaune tana warware zare. Na ce bari mu fara da mai sauƙi, maƙwabciyarmu ungozoma, wadda Inna ke yi wa ɗinki tun ban iya tafiya ba.

"Inna, kafaɗar ungozoma nawa ne?"

Ta ɗaga kai, leɓɓanta suna motsi. Na kafa biro a kan takarda ina jira. Can ta yi murmushi, ta dafa mini hannu.

"Ai na faɗa miki, 'yar nan. Duba a na'urarki."