Rungumar Ranar Lahadi

Bayan rasuwar mijina, ɗana Royce ya sayo mini ƙaramar bindiga. Ya ce gonar ta yi nisa da gari, kafin 'yan sanda su iso an gama abin da za a yi. Ya biya mini kuɗin darasin harbi, ya koma Texas, hankalinsa ya kwanta. Shi dai nasa ya kwanta.

Na yi shekara da shekaru ina koyar da kimiyya a sakandare, don haka ban iya haɗiye magana ba tare da na tauna ba. Malaminmu na harbi ya ce bindiga tana kawo natsuwa. Na tambaye shi da wane ma'auni ya auna, ya yi dariya ya wuce. Amma abu ɗaya na riƙe daga bakinsa: bindigar da ka ɓoye, kada kowa ya san tana jikinka.

Nan matsalar ta faro, domin a cocinmu ba a gaisawa da hannu, runguma ake yi. Ni kuma duk mako babu mahalukin da ke taɓa jikina sai Earline, ƙawata tun muna 'yan mata, wadda ke tsayawa a bakin ƙofa ranar Lahadi. Da na fara ɗaura bindigar a ƙugu, ƙarƙashin riga, sai na ji kamar kowa ita yake kallo. Ina ta gyara riga, ina shafa wurin. Da Earline ta buɗe hannuwa, na miƙa mata kwanon wainar masara da na kawo, na shige. Mako na gaba na ce mura nake yi. Daga nan ta daina buɗe hannun. Sai ta ɗaga mini kai kawai, kamar baƙuwa, ta kuma daina kirana a waya. Gidana, wanda da ma shiru ne, ya ƙara yin shiru.

Wata Lahadi ta tare ni a wurin ajiye motoci.

"Ke tsohuwa, me na yi miki?"

Na ce babu komai. Ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a hannuna da ke dafe da ƙugu.

"Sauke hannun nan, Vonda. Ko makaho ya san abin da kike dafewa."

Sai ta ɗan ɗaga gefen rigarta. Tata bindigar tana nan. Ta ce tun lokacin da tsohon mijinta ya fito daga kurkuku take ɗauke da ita. Ta jingina da motata ta shiga yi mini faɗa kamar ɗaliba. Wai in yar da kuben yadi da nake saka bindigar a ciki, in sayi mai tauri wanda ke rufe kunamar harbin gaba ɗaya, da bel mai ƙwari. In saba da ita a gida tukuna. Kada in saka ta a jaka, jaka ake fara fizgewa. Idan jikoki sun zo, akwati mai makulli. Idan wani ya zage ni a hanya, in ba shi haƙuri in wuce, mai bindiga ba shi da ikon yin zuciya. Kuma babu mai kallona, kowa ta kansa yake yi.

Na ce to rungumar fa?

Ta ce ai mai sauƙi ce: ki riga mutum kai hannu ƙasa, dole nasa ya hau kafaɗarki, ba zai taɓa bindigar ba. Sai na tuna duk shekarun nan hannun Earline kullum a ƙuguna yake sauka, nawa a wuyanta. Ni da na ɗauka don ta fi ni gajarta ne.

"Ashe gadi kike yi, ba runguma ba," na ce.

"Duka biyun," in ji ta. "Zo nan, malama sarkin gardama."

Muka nufi juna, kowa ya kai hannu ƙasa, goshinmu ya gwaru. Ta ja tsaki, ta ɗaga nata hannun ta sa a wuyana, karo na farko tun da na san ta. Nawa ya sauka a kan ƙarfen da ke ƙugunta. Mun daɗe a haka.

Na tuƙo mota zuwa gida, na kulle bindigar a akwati, na zauna cin abinci. Ban tuɓe rigar cocin ba sai yamma, don ƙanshin turarenta yana jiki.