Ranar da Aka Haƙa wa Lado Kabari

Zaituna ce ta ba kawunta Malam Hudu shawarar a buɗe wa ƙungiyarsa shafi a Fesbuk. Tsohuwar ƙungiyar wasan kwaikwayo ce a Dutsin-Ma, shi ya kafa ta tun yana koyarwa a firamare, amma a 'yan shekarun nan sai a sha wahalar gwaji, ranar wasa a tarar bencina sun fi 'yan kallo yawa.

"To, gwada mu gani," in ji shi. "Mu dai a da kalangu ake bugawa a bakin kasuwa, jama'a su taru."

Ta buɗe shafin, tana ɗora hotunan gwaji da 'yan gajerun bidiyo. Mutane na leƙowa jefi-jefi. Ta lura ba sa tsayawa sai abin da ya kama su tun daga farko, don haka da sabon wasa ya zo ta ƙudura za ta yi tallar da ba mai iya wuce ta.

Wasan na wasu 'yan'uwa biyu ne da suka yi rigima a kan iyakar gona har ɗaya ya rasa ransa. Lado ne mai mutuwar. Mutumin Rawayau ne, yana da rumfar hatsi a kasuwar Dutsin-Ma, kuma kamar sauran 'yan ƙungiyar, da sunansa na gaskiya yake fitowa. Ranar gwajin ƙarshe aka kwantar da shi a kan tabarma a gefen wata gona, aka zuba masa ruwan zoɓo mai kauri a ka, abokan wasa suka zagaye shi suna salati, ɗaya ya ja masa zane ya rufe fuskar. Zaituna ta ɗauka da wayarta. Ta rubuta a sama, "Lado ya tafi. Wa ya yi wannan aiki?" A ƙarshen bidiyon ta sa sunan ƙungiya da ranar wasa da wurin. Bayan la'asar ta ɗora, ta shiga hidimar gida.

Da safe da ta kunna data, wayar ta yi ta kaɗawa a hannunta kamar ba za ta daina ba. Ta ga yawan waɗanda suka kalla, ta yi murmushi. Sai ta buɗe tsokacin mutane.

"Allah ya jiƙansa." "Allah ya tona asirin wanda ya kashe shi." "Shekaranjiya na sayi gero a hannunsa."

Murmushin ya tsaya mata a fuska. Kafin ta gama karantawa wata ƙawarta ta turo mata bidiyon ta Wasaf tana tambaya ko ta ji abin da ya faru. Nata ne, amma an yanke ƙarshen, babu sunan ƙungiya, babu ranar wasa. Wani ya ɗora muryarsa a kai yana cewa an kashe wani ɗan kasuwa a hanyar Kurfi.

Ta kira lambar Lado, ba ta shiga. Ta sake, haka. Tana tsaye a tsakar gida, ta rasa ko ɗaki za ta shiga ko waje za ta fita, Malam Hudu ya yi sallama, hularsa a karkace.

"Ɗauko mayafinki. Daga Rawayau aka kira ni ana tambayar inda gawa take."

"Kawu, ba ka gaya musu wasa ne ba?"

"Na faɗa. Wanda ya kira ya ce in ji tsoron Allah, ya kashe wayar."

A bakin rumfar Lado maƙwabcinsa ya shaida musu tun jiya da yamma ya bi motar kaya zuwa wata kasuwar ƙauye sayen gero, can kuwa babu sabis. Malam Hudu ya goya ta a babur suka kama hanyar Rawayau. Ita ba ta ga gonaki ba, ba ta ji ramukan hanya ba. Da hannu ɗaya ta riƙe ƙarfen babur, da ɗayan ta goge bidiyon daga shafin, ta rubuta cewa Lado na nan da ransa. Ta san ta makara.

Tun daga nesa ta hango tabarmi a ƙofar gidan su Lado. Dattawa a jere, takalma tuli guda, wani malami yana jan addu'a. Daga cikin gida kukan mata ke tashi.

Muhammad Sani, yayan Lado, ya taso ya tare su, idanunsa jajur. Malam Hudu ya yi masa bayani a hankali. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, da idona na ga jini. An tafi asibiti neman gawa, matasa kuma suna maƙabarta tun da hantsi. Yanzu ka ce mini wasa?"

Zaituna ta miƙa masa wayarta. "Yaya, ga cikakkensa. Ni na ɗauka."

Ta nuna masa wanda ba ta taɓa ɗorawa ba, inda bayan an rufe fuskar Lado ya yaye zanen ya tashi zaune yana dariya, yana cewa tururuwa ta cije shi. Muhammad Sani ya kalla, ya maimaita. Wayar ta bi hannun dattawa ɗaya bayan ɗaya. Malamin ya dakata da addu'a.

Aka shigar da ita wurin Inna Rekiya, mahaifiyar Lado. Tsohuwar na zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ba ta kuka, carbi a hannunta amma ba ta ja. Zaituna ta durƙusa ta nuna mata. Inna ta dubi wayar, ta kawar da kai.

"A cikin irin wannan abin aka nuna mini ya mutu," ta ce. "Yanzu kuma a cikinsa za a nuna mini yana raye. Ɗiyata, wanne zan ɗauka? Sai na gan shi."

Haka aka zauna, ba makoki ba, ba murna ba. Ba wanda ya naɗe tabarma, ba wanda ya tafi. Matar Lado tana rakuɓe a lungu da jaririnta, kowane ƙarar mota ta ɗaga kai. Zaituna na gefe, ba wanda ya zage ta, ba kuma wanda ya miƙa mata ruwa. Da an zage ta da ya fi mata sauƙi.

Bayan azahar wata motar kaya ta tsaya a bakin hanya. Lado ya diro daga kan buhuna, ƙura har gira. A hanya, da sabis ya dawo, saƙonnin ta'aziyyarsa suka cika masa waya, ya roƙi direba ya biyo da shi ta gida. Wasu mata da ke dawowa daga rijiya, waɗanda bayanin bai kai gare su ba, suka yar da bokitai suka watse. Shi kuwa ya tsaya yana kallon tabarmin da aka shimfiɗa dominsa, bakinsa a buɗe.

Inna Rekiya ta fito ba takalmi. Ta shafa kansa ta duba tafin hannunta, ta sake shafawa. Sai a lokacin kukan ya zo mata, ta sulale ƙasa, ya riƙe ta.

Da la'asar aka tafi mayar da ƙasar kabarin. Lado ya ce sai ya je. Malam Hudu ya ba Zaituna labari daga baya cewa Lado ya daɗe tsaye a bakin ramin yana dubawa, sannan ya karɓi shebur ya zuba da hannunsa.

Ranar Asabar wurin wasan ya cika har kan katanga, mutane daga Birchi, daga Dabawa, har da waɗanda ba su taɓa kallon wasan kwaikwayo ba. Duk Lado suka zo gani. Bai zo ba. Ya aiko cewa Inna ta hana, kuma ko ba ta hana ba shi ba zai iya sake kwanciya a rufe masa fuska ba. Wani aka sa a madadinsa, aka tafa sama-sama.

Masu bin shafin sun ninka, har wasu ƙungiyoyi suka riƙa kiran Zaituna ta koya musu yadda ta yi. Ba ta amsa wa kowa ba. Sai da aka kwana biyu ta je rumfar Lado ba shi haƙuri. Ta tarar ya rame, yana auna wa wata mata dawa.

"Ba komai, Zaituna, ba da gangan kika yi ba," ya ce. "Barci ne dai har yanzu ba na samu sosai."

Ta ce za ta je ta gaida Inna. Ya ɗaure bakin buhun dawar.

"Ki bari tukuna," ya ce. "Zan gaya miki in lokaci ya yi."